ƘANWAR KAKA, KAKA CE KO BA KAKA BA CE?

Yau wata 'yar tambaya na zo maka da ita, wadda in ka ji ta da farko za ka ce ai wannan ta 'yan aji uku ce a firamare, amma ni dai ta hana ni barci ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Tambayar ita ce: ƙanwar kakarka, ko yayarta, mece ce ita a wurinka? Da wane suna Bahaushe ya ce ka kira ta?

Na san za ka ce, "Haba baiwar Allah, ai kaka ce." To madalla, ni ma haka aka koya mini, haka kuma na tashi ina faɗa. Sai dai akwai ranar da bakina ya ƙi faɗin hakan, kuma tun daga ranar nake ta juya kalmar nan a raina kamar mai juya waina a tanda. Zan zo kan ranar, amma bari mu fara duba kalmar ita kanta tukuna.

Ka lura da kyau, a sahun iyaye Bahaushe bai yi rowar suna ba. Ɗan'uwan uba baffa ne, ɗan'uwan uwa kawu ne, 'yar'uwar uba gwaggo ce, wasu gidajen su ce baba, 'yar'uwar uwa kuwa inna ce ko iya. Har ma masana harshe sun ce baffa da kawu da gwaggo daga bakin Fulani muka samo su, wato da namu bai ishe mu ba sai da muka shiga maƙwabta muka ranto, don dai kowa ya san matsayinsa. Amma da aka hau hawa ɗaya sama, sai aka tattara kowa da kowa aka zuba a ƙwarya ɗaya. Wanda ya haifi ubanka kaka, wadda ta haifi uwarka kaka, wansa kaka, ƙanwarta kaka, kishiyarta ma kaka. Ko namiji da mace ba a raba ba, sai dai a ƙarshen kalma ka ji an ce kakana ko kakata. Su kuma duk abin da ya fito daga tsatson 'ya'yansu da 'ya'yan 'yan'uwansu jika ne, in an ƙara sauka a ce tattaɓa-kunne.

In ka zauna ka ƙirga, mata iri huɗu ne ke shiga ƙarƙashin wannan tambaya tawa. Akwai innar mahaifiyarka da gwaggon mahaifiyarka, akwai innar mahaifinka da gwaggon mahaifinka. Balarabe in zai ambace su sai ya bi kowace da hanyarta, ya ce halar uwa ko ammar uba, ka ji ta inda aka haɗu. Bature kuma ya ƙera mata kalmarta daban, wadda in ka fassara za ta ba ka kamar babbar gwaggo, wato shi a sahun su gwaggo ya ajiye ta, bai yarda ta zauna tabarma ɗaya da kakarsa ba. Mu kuwa muka ce a'a, tabarmar kaka tana da faɗi, kowa ya zo ya zauna.

Da can ina ɗauka talaucin harshe ne. Yanzu ban yarda ba. Mutanen da suka ware wa ɗan fari suna, suka ware wa auta, suka san gambo mai bin tagwaye, suka san ɗan wabi, su ne za a ce sun rasa kalma ɗaya tak da za su ba ƙanwar kaka? Ba rasawa suka yi ba, ƙi suka yi.

Sai dai wani hanzari ba gudu ba, abin da ake faɗa in ana ba da labarinta daban, abin da ake kiranta da shi a gabanta daban. Ba kasafai za ka ji yaro ya tsaya a ƙofar ɗaki yana ƙwala "Kaka!" ba, musamman a cikin birni. Yaro abin da ya ji a bakin iyayensa shi yake ɗauka. In uwarsa tana ce wa tsohuwar Inna, shi ma Inna zai ce. In ubansa yana ce mata Gwaggo, to ta zama Gwaggon kowa, har 'yan haya da mai kawo ruwa. In sun yi yawa sai a bambanta su da unguwa ko da girma, ka ji Gwaggon Fagge, Hajiya Babba, Iya ta Zariya. Saboda haka baƙo in ya shigo gida ya ji yara suna Gwaggo, Gwaggo, ba zai gane ko ƙanwar ubansu ce ko ƙanwar kakansu ba.

To ta ina zai gane? Ta wasa. Ya zauna ya yi shiru minti biyar kawai. In gwaggo ce ta sahun iyaye, zai ga yara sun durƙusa sun gaishe ta, sun sunkuyar da kai, ta tambaye su karatu, sun amsa sun fice. In kuwa ta sahun kakanni ce, kafin yaro ya gama sallama za ta tare shi da "Ah, maigida, sai yau? Ina kuɗin cefanena? Ko ka yi sabuwar amarya ne ka manta da uwargida?" Shi kuma ya ce, "Ni na sake ki tun bara, kin tsufa, ba ki da haƙora." In yarinya ce ta ce mata, "Kishiya, wannan kwalliyar duk don ki ƙwace mini miji ne?" Wannan wasan ba a yin sa da inna, ba a yin sa da gwaggo, wanda ya gwada zai sha mari. Amma ƙanwar kaka ana yi da ita daidai da yadda ake yi da wadda ta haifi uwa, ba ragi ko na ƙwayar zarra. A nan ne za ka tabbatar Bahaushe da gaske yake da ya ce mata kaka, ba kara ya yi mata ba.

Tawa Inna muke ce mata, domin haka mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, take kiranta. Wadda ta haifi mahaifiyarmu ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ke cikinta, lokacin mahaifiyarmu tana shekara huɗu. Ranar sadakar bakwai ƙanwarta ta goya yarinyar ta tafi da ita, ba wanda ya sa ta, ba kuma wanda ya hana ta. Ita Inna sau biyu ta haihu, duk ba su zauna ba, daga nan kuma Allah bai sake ba ta ba. Ƙuli-ƙuli take yi da man gyaɗa, da shi ta yi wa mahaifiyarmu kayan ɗaki, kwalla da samira da tasoshi jere har sama, da gado mai rumfa, har mutanen unguwa suna cewa ko 'yar da aka haifa a ciki sai haka. Da aka zo yaye na wurinta aka kai ni, kamar yadda ake kai kowane yaro wurin kakarsa. Wai kwana arba'in zan yi, ban bar ɗakin nan ba sai da na shiga aji uku. Har yau in na ji ƙamshin gyaɗa ana suya, bayanta nake tunawa, da ɗumin zanen goyonta.

Ban taɓa sanin ba ita ta haifi mahaifiyata ba sai da na kai shekara goma sha ɗaya, shi ma a bakin wata maƙwabciya mai surutu. Da na zo na tambayi mahaifiyarmu, kallona kawai ta yi ta ce, "To sai me?" Ta ci gaba da tankaɗenta.

Irin su Inna ba su da iyaka a ƙasar Hausa, kuma ba yau aka fara ba. Akwai wata tsohuwa da ake kira Baba ta Karo, wadda wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da ita a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950 tana rubuta labarin rayuwarta daga bakinta, littafin ya fito da Turanci a 1954. Aure huɗu ta yi, Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ɗakinta bai rabu da 'ya'yan dangi ba, ta riƙe su ta raine su. Mace irin wannan in tsufa ya zo mata ba ta da jikan da za ta ce daga cikinta ya fito. Jikokin 'yan'uwanta su ne nata, kuma ba takardar da ta ba ta su, kalmar nan ce kaɗai ta ba ta.

Mahaifiyarmu ta rasu a 2015. Da daminar 2018 hawan jini ya kayar da Inna a bakin murhu, ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Sai muka taru mu biyar, 'ya'yan mahaifiyarmu, a falon babban yayanmu don a san yadda za a yi: wa zai ɗauke ta, wa zai riƙa biyan magani, wa zai kwana da ita a asibiti. Kowa ya yi shiru yana kallon kafet. Can sai Yaya ya gyara murya ya ce, "To ni dai a fahimtata, ya kamata mu sa komai a muhallinsa. Inna fa ba kakarmu ba ce kai tsaye, ƙanwar kakarmu ce. Tana da 'ya'yan ɗan'uwanta maza, su ne magadanta, su ya kamata a fara tuntuɓa."

Wallahi mai karatu, shekarata talatin a duniya a lokacin, ban taɓa jin wani a gidanmu ya haɗa kalmomin nan biyu, ƙanwar kakarmu, a kan Inna ba sai ranar. Lokacin da take ba mu ƙuli-ƙuli kakarmu ce. Lokacin da ta sayar da tunkiyarta ta cika wa shi Yayan kuɗin jarrabawa kakarmu ce. Ranar da kuɗi zai fita daga aljihunmu ya koma wajenta, ranar aka tuna da lissafin nasaba. Ashe ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Raina ya ɓaci, amma maganar ta tsaya mini, domin Yaya ba jahili ba ne, kuma bai yi ƙarya ba. Sai na kai tambayar wurin malaminmu na Islamiyya, na ce, "Allah gafarta Malam, a shari'a mene ne matsayin 'yar'uwar kaka?" Abin da ya warware mini shi ya ƙara ɗaure mini kai.

Ya ce ta fuskar aure muharrama ce. Aya ta 23 a Suratun Nisa'i ta haramta wa namiji gwaggonninsa da innoninsa, kuma malamai sun haɗu a kan cewa hukuncin ya hau sama, ya haɗa da gwaggon uba da innar uwa da sauransu duk nisan hawan. Wato duk "mijina, mijina" da take yi wa jikanta, dalilin da ya sa wasan yake da daɗi shi ne kowa ya san abu ne da ba zai taɓa yiwuwa ba.

Ya ce ta fuskar reno kuwa tana da babban matsayi. Ya ba ni labarin 'yar Sayyidina Hamza, a shekara ta 7 bayan Hijira, lokacin da Manzon Allah (SAW) ya je ramuwar umara zai bar Makka. Sayyidina Ali da Zaidu ɗan Harisa da Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib kowa ya ce shi zai riƙe marainiyar. Sai Manzo ya ba gidan Ja'afaru, saboda matarsa Asma'u 'yar Umaisu innar yarinyar ce, ya kuma bayyana cewa inna a matsayin uwa take. Malam ya ce to in inna tana matsayin uwa, innar uwarki a matsayin wa take? Na ce kaka. Ya ce kin ba kanki amsa. Sannan ya ɗauko Muhtasar na Shehu Halilu, wanda alƙalanmu na Malikiyya suka dogara da shi tun zamanin da, ya nuna mini jerin masu haƙƙin renon yaro in aure ya mutu ko uwa ta rasu. Bayan uwa sai kaka ta wajen uwa da wadda ke samanta, sai inna, sai innar uwa, sannan a tsallaka wajen kaka ta ɓangaren uba, sannan a zo kan uban shi kansa. Ka ji fa! Matuƙar ta cika sharuɗɗan reno, ƙanwar kakarka ta wajen uwa tana gaban mahaifinka a wannan layi.

Na ce to Malam, gado fa? Ya girgiza kai. Ya ce kakar da ta haifi uwa ko ta haifi uba tana da sudusi, wato kashi ɗaya cikin shida, in ba wanda ya tare ta. Amma 'yar'uwar kaka tana cikin waɗanda ake kira zawil arhami, dangin da ba a yanka musu rabo ba. A asalin mazhabar Imamu Malik ba sa gado, baitulmali ake kai wa in babu magaji, sai malaman baya ne suka ce a ba su in babu baitulmali tsayayye. Haka ita ma in ta rasu, 'ya'yan ɗan'uwanta maza ne za su gaje ta, ba jikokin yayarta da ta goya ba. Na ce ciyarwa fa, in ta tsufa ba ta da komai? Ya ce a Malikiyya waɗanda alƙali zai tilasta wa mutum ya ciyar su ne matarsa da 'ya'yansa na cikinsa da iyayensa biyu in matalauta ne. Ko kakar da ta haifi uwarsa ba ta shiga wannan tilas ɗin ba, balle ƙanwarta, ko da yake Hanafawa sun fi mu faɗaɗawa a nan. Amma ya ce kada ki ɗauka abin da alƙali ba zai kama ki a kansa ba Allah ma ba zai tambaye ki ba, domin sada zumunci wajibi ne, yanke shi kuma yana cikin manyan zunubai. Ya ƙara da cewa ƙofar kyauta a buɗe take, haka ta wasiyya har zuwa sulusin dukiya ga wanda ba magaji ba.

Na taso daga gaban Malam ina ta lissafi a hanya. Ga mace, in yaro ya rasa uwa ita ake nema ta goya, tun kafin a nemi ubansa. In ta tsufa kuma ba kotun da za ta je ta ce yaron nan ya ciyar da ni. Ba ta da sudusi, ba ta da takarda, ba ta da alƙali. Duk abin da take da shi a hannunta na riƙe mu, bayan tsoron Allah, kalma ce mai harafi huɗu. Ina ganin magabatanmu sun hango wannan ramin ne, shi ya sa suka ƙi ƙera mata wani suna daban da zai nesanta ta. Suka lulluɓe ta da mayafi ɗaya da yayarta, don duk jikan da zai yar da ita ya ji kunyar da zai ji in da wadda ta haifi uwarsa ya yar.

Kada kuma a ce na zo ina wanke al'ada tas kamar ba ta da datti. Yaya yana da tasa hujjar. Kakanmu na wajen uba kaɗai 'yan'uwansa mata tara ne, gidan mata huɗu ne. In kowace za ta zo da sunan kaka ta ce a saya mata magani, albashin wane ma'aikaci ne zai ɗauka a wannan zamani da mudun shinkafa yake neman gagarar mai iyali? Ba banza aka ce dangi rigar ƙaya ba. Kuma mun ga tsofaffin da suka mayar da sunan nan sanda. Ta karɓi yarinya riƙo da sunan jikata ce, ta ɗora mata farantin talla daga safe har isha, ba boko ba allo. Ko ta shiga auren jika ta hana ruwa gudu, don kawai an ce ba a musu da kaka. Duk wannan akwai, ni marubuciya ce, irin waɗannan matan sun cika littattafaina.

Sannan akwai wuraren da dole a faɗi nasaba dalla-dalla. Wajen rabon gado dole ne. Wajen ƙulla aure dole ne, a san wa ya sha nonon wa. In likita yana bin diddigin sikila ko ciwon suga a dangi, ba za ka ce masa duk kakanni ne ba, sai ka faɗi wadda ta haifi wane. Addini ma bai yarda a ɓatar da asali ba, aya ta 5 a Suratul Ahzabi ta yi umarni a kira 'ya'yan riƙo da sunan ubanninsu. Amma kiran ƙanwar kaka da kaka ba ɓatar da asali ba ne, domin ba wanda aka ruɗa, kowane babba a gidan ya san wa ya haifi wa, in ranar faɗa ta zo za a faɗa.

Abin da nake so mai karatu ya lura da shi kawai shi ne lokacin da harshensa ke zabura ya nemo wannan ƙarin bayanin. In ba gado ake rabawa ba, ba aure ake ɗaurawa ba, ba likita ne ya tambaya ba, me ya kawo "ai ƙanwar kakata ce"? Da Yaya cewa ya yi, "Jama'a, ba ni da hali, abin ya fi ƙarfina," da ba wanda zai ga laifinsa, rashi ba abin kunya ba ne, kuma sai a haɗa ƙarfi. Wanda ya ce ba ni da shi uzuri ya kawo. Wanda ya ce ba tawa ba ce kuwa igiya ya sa wa wuƙa, kuma igiyar nan ita kaɗai tsohuwar take riƙe da ita.

Yanzu bari in faɗi nawa, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bayan duk wannan fushi da na yi da Yaya, ni na ɗauki Inna na kai ta asibiti. Kafin mu isa ta yi fitsari a jikinta a cikin a-daidaita-sahu, zanenta ya tsufa, kanta ba kitso, ƙafafunta duk faso. Ni kuwa na sha leshi da mayafi mai tsada. Ma'aikaciyar jinyar da ke cike kati ta dube ta, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Hajiya, me take a gare ki?" Na san abin da ke bayan tambayar, ko kuma na ɗauka na sani: wato haka kuka bar kakarku ta lalace kuna yawo cikin leshi? Kafin in yi tunani sai na ji bakina ya ce, "Ƙanwar kakata ce."

Na ɗauka Inna ba ta ji, don tun da ta faɗi ba ta cika magana ba. Sai na ji ta ja gefen mayafina da hannunta na hagu mai lafiya. Na sunkuya. Da karkataccen bakin nan nata, da ƙyar kalmomin ke fita, ta ce, "Kishiya, yau kuma ƙanwar kakarki na koma?"

Tana murmushi ta faɗa, da sigar wasan nan namu. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na ce wa ma'aikaciyar ta goge ta rubuta kaka, ta ce ai ba komai, duk ɗaya ne a wurinsu. A wurinsu ɗaya ne. Ni kuwa na shiga banɗakin asibitin nan na yi kukan da rabona da irinsa tun rasuwar mahaifiyarmu. Ashe abin da na zargi Yaya da shi yana kwance a ƙarƙashin harshena, shi kuɗi ya tono masa shi, ni kunyar idon baƙuwa.

Wata bakwai ta yi a ɗakina kafin Allah ya karɓi abarsa a farkon 2019. Maigidana, Allah ya saka masa da alheri, bai taɓa ɗaga mini gira ba, shi ma "amaryata" yake ce mata. Yaya kuma, don kada in zalunce shi, daga baya shi ya riƙa sayen maganin hawan jinin duk wata, ko da yake bai taɓa janye maganarsa da baki ba, ni ma ban sake tayar da ita ba. Ranar sadakar uku, a gidajen da ba su bar al'adar ba, jikoki sukan yi wasa in tsoho ya rasu, su kwaikwayi tafiyarsa da maganarsa, a ba su 'yan kuɗi. Malamai sun yi ta hani, mu ma ba mu yi ba. Amma ƙanwata ta ɗaura ɗankwalin Inna irin ɗaurinta, ta leƙo tsakar gida ta ce, "Ina maigidana, ina kuɗin cefane?" Yaya ya tashi ya fita waje, ya daɗe bai dawo ba. Magadanta kuwa sun zo daga ƙauye, biyu a cikinsu ban taɓa ganinsu ba. Aka raba musu ɗakin da 'yan tasoshinta da tunkiya biyu yadda shari'a ta ce, ban ce uffan ba, haƙƙinsu ne. Turmin da take dakan gyaɗa kawai na roƙa a sayar mini, babbansu ya ce in ɗauka kyauta.

Abin da ke ba ni tsoro yanzu, kalmar ma tana neman ɓacewa daga bakin yaranmu, kuma mu mata mu muka jawo. Mace ta yi jika tana shekara arba'in, ta ce kada wanda ya kuskura ya ce mata kaka, wai za a tsufar da ita, sai dai Momi ko Hajiya. 'Yan'uwanta kuwa duk sun zama Anti. Ƙanwar uwa Anti, ƙanwar kaka Anti, malamar makaranta Anti, mai sayar da atamfa a kasuwar Kantin Kwari ita ma Anti. Sunan da za ka kira wadda ba ka taɓa gani ba, shi za ka kira wadda ta goya uwarka, to ina nauyin zai fito?

Da ƙaramar sallar da ta wuce na kai yarana gaida gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda yanzu ita ce babba a gidan. Ɗana na fari, ɗan shekara tara, ya shiga da sabuwar shaddarsa ya durƙusa ya ce, "Anti, barka da salla." Na buɗe baki zan gyara masa, ta ɗaga mini hannu. Ta jawo shi ta kama kunnensa ta ce, "Kai, wace ce antinka? Ni matarka ce tun ranar sunanka, da sadakina da komai. Shekara guda ba ka leƙo ni ba, ba cefane ba kayan salla, yau ka zo kana ce mini Anti don ka gudu? Zauna nan, ba inda za ka sai ka sauke nauyinka." Yaron ya juyo yana kallona ido duk ya raina fata, ya rasa ko dariya zai yi ko kuka. Na ce, "Ni ba ruwana, tsakaninku ne." Ya laluba aljihu ya zaro sabuwar naira ɗari biyu daga cikin barka da sallarsa ya miƙa mata. Ta ɗaga ta a haske ta duba, ta ce ba ta kai ba, amma ta karɓa bashi, ya kawo ciko da babbar salla.